Tarkon tsuntsaye: yadda ake haɗa shi da yadda ake gwada shi

Ya ku manoman Sarkin Yamma da kewaye, kowa ya san halin watan Satumba. Da zarar hatsi ya yi ido, sai tsuntsaye su sauko gona. Mafi ɓarna a cikinsu shi ne jan-baki. Nauyinsa kimanin giram 20 ne, amma garke guda yana iya kai dubbai. Abin da suke zubarwa ƙasa ma asara ce.

Tarko ba zai kori babban garke ba. Wannan aikin ma'aikatan gidan gona ne, sai a sanar da su da wuri. Amma tarko yana tsare ƙaramin wuri, kamar masussuka, bakin rumbu da fadamar lambu. Yana kuma kawo nama cikin miya. A ƙasar Cadi, mutane suna kama jan-baki da raga cikin dare, su kai kasuwar Njamena su sayar.

Tarkon kwando

1. A samo kwando mai faɗin baki, wanda ba shi da ɓula.
2. A yanko sanda mai tsawon taƙi ɗaya.
3. A ɗaura mata siririyar igiya mai tsawon mita 10.
4. A kifa kwandon, a tokare gefe guda da sandar.
5. A aza ɗan dutse bisa kwandon domin ya faɗi da sauri.
6. A watsa tsaba kaɗan a waje, a zuba mai yawa can ciki.
7. A ɓuya a riƙe igiya. Idan tsuntsaye sun shiga tsakiya, sai a fizge.

Asuta

Wannan ita ce dabarar kakanninmu. Ana murza gashin wutsiyar doki, a yi ƙananan zarge. Ana ɗaura su jere a jikin igiya, a kafa igiyar da turaku biyu dab da ƙasa. Sai a ajiye zangarniyar hatsi a tsakani. Tsuntsu yana tattaki, zarge ya kama masa ƙafa.

Gwaji

Kada a ɗana tarko sai an gwada shi. A ja igiyar kwando sau 10. Idan ya kife daidai kowane karo, ya yi. Idan ya karkace, a rage tsawon sanda ko a share ƙasa ta daidaita. Ita kuwa asuta, a sa siririn kara cikin zarge a ja. In bai shaƙe nan take ba, a sake ƙulli.

Kwana biyu na farko, a zuba tsaba kawai, tsuntsaye su saba da wurin. Daga nan a gwada wuri 3, kowane wuri kwana 3, da sassafe da kuma la'asar. Wanda ya koyi rubutu ya ɗauki littafinsa. Ya rubuta wuri, da lokaci, da yawan abin da ya kama. Lissafin nan shi zai nuna masa inda ya fi.

Kiyaye lafiya

Tsuntsun da ya mutu cikin tarko mushe ne, ba a cin sa. Saboda haka kada a bar asuta ta kwana a ɗane. A nan kwando ya fi, domin yana kama tsuntsu da ransa.

Kada a jiƙa tsaba da maganin ƙwari. Gubar tana shiga naman, tana kashe kaji, tana iya kashe yaro. Haka nan idan an yi feshi a makwancin tsuntsaye, kada kowa ya tsinci waɗanda suka faɗi. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

A shekarar 2006, murar tsuntsaye ta ɓulla a Magarya, cikin jihar Damagaram. Cutar tana iya kama mutum. Duk tsuntsun da aka ga yana layi ko ya mutu haka kawai, kada a taɓa shi da hannu, a gaya wa likitan dabbobi. Bayan fiɗa a wanke hannu da sabulu, a dafa nama ya nuna sarai.

Ba kowane tsuntsu ne abokin gaba ba

Shamuwa da balbela suna cin fara, taimakon manomi suke yi. In mai cin ƙwari ya faɗa tarko, a sake shi. Dokar farauta ta 29 ga Afrilu 1998 ta kare namun daji da tsuntsaye da yawa a Nijar. Kafin a ɗana tarko, musamman wajen dajin Baban Rafi ko tafkin Madarunfa, a nemi bayani wurin ma'aikatan gandun daji.

Wanda ya karanta wannan ya karanta wa maƙwabcinsa da ƴaƴansa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana amfanin gona.