Shin Atisaye Yana da Amfani ga Mai Wasan Airsoft?

Airsoft wasa ne da ya samo asali a Japan a shekarun 1970, inda doka ta tsaurara mallakar bindiga. 'Yan wasa suna harbin juna da bindigogin kwaikwayo masu fitar da ƙwayar roba mai faɗin milimita 6. Wanda aka harba shi ne zai ɗaga hannu ya amsa da bakinsa, domin ƙwayar ba ta barin alama.

Amfanin atisaye ya danganta da abin da ake koyo. Ƙwayar da aka fi amfani da ita ba ta wuce giram 0.20 ba, iska kaɗan kan kauce da ita, saboda haka ƙwarewa a harbin nesa tana da iyaka. Inda atisaye ya fi biya shi ne aikin hannu da jiki: ɗaga bindiga zuwa kafaɗa a yi saiti cikin sauri, canza gidan harsashi ba tare da an duba ba, da leƙowa daga bayan katanga ba a fito da gwiwar hannu ba. Haka nan sabo da harbi ta kafaɗar hagu da ta dama.

Misalin amfanin irin wannan atisaye shi ne, a 2004, ɗan Japan Tatsuya Sakai ya lashe gasar harbi da bindigar gaske ta Steel Challenge a Amurka, bayan ya yi yawancin horonsa da bindigar airsoft a gida.

Sai dai harbin allo ba ya koyar da sanin fili ko haɗin kai da abokan wasa. Waɗannan sai an shiga fage. Ko a gida ake atisaye, sanya tabarau na kariya wajibi ne.