Kolet da Matsalar Awon Inci a Sana'ar Sassaƙar Ƙarfe

1.0 Gabatarwa

Ƙira sana'a ce mai daɗaɗɗen tarihi a ƙasar Hausa, amma zamani ya zo mata da sabon reshe, wato sassaƙar ƙarfe da inji. A wurare irin su kasuwar Panteka ta Kaduna da kwalejojin fasaha, ana samun injuna waɗanda suke fere ƙarfe har ya dace da awon da ake bukata. Wannan darasi zai yi bayani a kan wani ɗan ƙaramin kayan aiki na waɗannan injuna mai suna kolet, da wahalar da ma'aikata suke sha wajen samun wanda aka yi bisa awon inci. Manufar ita ce ɗalibi mai koyon malanta ya fahimci al'amarin, ya kuma ga yadda Hausa take iya ɗaukar bayanin fasaha filla-filla.

1.1 Ma'anar Kolet da Yadda Yake Aiki

Kolet wani ɗan bututun ƙarfe ne mai tauri da tsarkiya, wanda aikinsa shi ne riƙe bakin da yake yanka ko huda ƙarfe. Cikinsa rami ne miƙaƙƙe, inda ake zura wutsiyar bakin. Bayansa kuwa yana da siffar mazurari, ga kuma tsaga-tsaga a jikinsa. Idan aka tura shi ko aka ja shi cikin mazauninsa, wanda shi ma yake da siffar mazurari, sai tsagogin su matse, ya rungume wutsiyar bakin ta kowane ɓangare.

Fifikon kolet a kan mariƙi mai muƙamuƙi uku, irin na injin huji, shi ne ba a wurare uku kaɗai yake riƙo ba. Saboda haka bakin yana juyawa a tsakiya sosai, ba ya rawa, ba ya kuma zamewa idan yanka ya yi nauyi. Sai dai wannan fifiko yana da sharaɗi guda: dole ramin kolet ya dace da kaurin wutsiyar. A nan ne matsalar awo take shigowa.

1.2 Tushen Matsalar: Awo Iri Biyu

Duniyar injuna ta gaji tsarin awo biyu. Na farko shi ne na inci, wanda ya bunƙasa a Ingila da Amurka. Na biyu shi ne na mita, wanda ya samo asali daga Faransa a shekarun 1790. A shekarar 1959 ƙasashe masu amfani da inci suka amince cewa inci 1 daidai yake da milimita 25.4. Ingila ta fara komawa tsarin mita a shekarar 1965, Nijeriya ma ta bi sahu a shekarun 1970, ita kuwa Jamhuriyar Nijar tun asali tsarin Faransa ta gada. Amurka dai har yanzu tana ƙera injuna da bakuna masu yawa bisa inci.

Sauya doka abu ne mai sauƙi, amma injin ƙarfe yana iya yin shekara 50 yana aiki. Ke nan shago guda yana iya mallakar tsohon inji ɗan Ingila, da bakuna 'yan gwanjo daga Amurka, da sababbin kolet na milimita daga Sin ko Indiya. Ga yadda awon ya bambanta:

(a) inci 1/8 = milimita 3.175
(b) inci 1/4 = milimita 6.35
(c) inci 3/8 = milimita 9.525
(d) inci 1/2 = milimita 12.7
(e) inci 5/8 = milimita 15.875
(f) inci 3/4 = milimita 19.05

Ido ba ya iya rarrabe wutsiya mai milimita 6 da mai inci 1/4, domin tazarar da take tsakaninsu milimita 0.35 ce kacal. Amma ga kolet wannan tazara babba ce. Idan aka sa wutsiya mai milimita 6 a kolet ɗin inci 1/4 wanda ba ya matsewa da yawa, bakin zai zame yana cikin gudu, ya ɓata aiki, wani lokaci ya karye ya ji wa mutum rauni. Idan kuma aka danna wutsiyar inci 1/4 da ƙarfi cikin kolet ɗin da iyakarsa milimita 6 ce, za a buɗa shi fiye da kima, ya rasa daidaitonsa har abada.

1.3 Ire-iren Kolet

Kafin mutum ya shiga kasuwa, wajibi ne ya san dangin da injinsa yake karɓa. Fitattu guda huɗu ne.

Na farko shi ne Morse, wanda ya ɗauki sunan Stephen Morse, Ba'amurken da ya ƙirƙiro wannan siffar mazurari a shekarun 1860. Yana da lambobi daga 0 zuwa 7, kuma ƙananan injuna sun fi amfani da 2 da 3. Ana jan kolet ɗinsa ta baya da wata doguwar sanda mai haƙoran murɗi.

Na biyu shi ne R8, wanda kamfanin Bridgeport na Amurka ya fito da shi. Shi ma da sanda ake jansa, kuma haƙoran sandar na inci ne: kauri inci 7/16, haƙora 20 a kowane inci.

Na uku shi ne 5C, wanda ya shahara ta hannun kamfanin Hardinge. An fi amfani da shi wajen riƙe ƙarfen da ake fere wa, kuma ana samun na inci a matakai ƙanana na 1/64. Waɗannan uku duk halinsu ɗaya: matsewarsu kaɗan ce ƙwarai, don haka kowane kauri yana bukatar nasa kolet.

Na huɗu shi ne ER, wanda kamfanin Rego-Fix na ƙasar Suwizalan ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1970, daga baya ya zama ƙa'idar da masana'antu da yawa suke bi. Yana da girma daban-daban, kamar ER16 da ER25 da ER32 da ER40. Tsagoginsa daga gaba da baya suke, saboda haka yawancinsu suna iya matsewa har milimita 1. Ana ɗaure shi da noti ta gaba.

1.4 Hanyoyin Samun Kolet na Inci

Mataki na farko shi ne awo. Kada a dogara da ido ko da maganar mai sayarwa. A auna wutsiyar bakin da maikuromita, a kuma karanta rubutun da yake bisa goshin kolet, domin a nan ake buga lambarsa.

Mataki na biyu shi ne rarrabe ciki da waje. Mutane da yawa suna zaton mai bakunan inci sai ya sayi mazauni na inci. Ba haka abin yake ba. Bayan kolet ɗin ER32 iri ɗaya ne, ko raminsa na inci ne ko na milimita. Abin da za a nema kawai shi ne ER32 mai ramin inci 1/2, misali, kuma zai zauna a mazaunin da ake da shi.

Mataki na uku shi ne cin gajiyar matsewar ER idan na inci bai samu ba. Kolet mai riƙe milimita 13 zuwa 12 zai riƙe inci 1/2, mai 10 zuwa 9 zai riƙe inci 3/8, mai 7 zuwa 6 kuma zai riƙe inci 1/4. Sai dai a lura, riƙo ya fi kyau idan matsewar ba ta yi yawa ba. Inci 5/8 a cikin kolet ɗin milimita 16 matsewar 0.125 kawai yake bukata, amma inci 3/4 a cikin na milimita 20 yana bukatar 0.95, wato dab da iyaka. Ga aiki mai nauyi, ko mai bukatar daidaito sosai, gara a nemi na inci na ainihi. Wanda injinsa yake karɓar R8 ko Morse yana iya sayen mazaunin ER mai wutsiya irin ta injin nasa, ya huta da neman kolet ɗai-ɗai.

Mataki na huɗu shi ne duba haƙoran sandar ja. Kolet ɗin Morse 2 yakan zo da haƙoran inci 3/8 masu 16 a kowane inci, ko kuma na milimita 10. Tazarar haƙoran na farko kusan milimita 1.59 ce, ta biyu kuwa 1.5. Sandar inci takan fara shiga ramin milimita kamar ta dace, amma riƙon ba na gaskiya ba ne, kuma ɗauri mai ƙarfi yana cinye haƙoran. Ko a cikin inci ma akwai bambanci: kusar inci 1/2 ta tsarin Whitworth na Ingila haƙora 12 gare ta, ta Amurka kuwa 13.

Game da wurin saye, akan samu a hannun dillalan kayan injuna, da masu sayar da tsofaffin kayan masana'antu, da kuma ta intanet. Na gwanjo yana da sauƙin kuɗi, amma a duba tsatsa da tsagewa da zaizayar rami. Shago ba ya bukatar cikakken jeri. Guda biyar ko shida da aka lissafa a sama sun isa yawancin bakunan inci.

1.5 Darasi ga Malamin Hausa

Bahaushe yana da awonsa na gargajiya, kamar taƙi da kamu da gaba, waɗanda duk da jikin mutum ake yin su, don haka suna bambanta daga mutum zuwa mutum. Zuwan Turawa ya kawo inci da yadi da mil ta hanyar aro, ya kawo ƙafa ta hanyar fassara. Har gobe kafinta da mai gyaran famfo da inci suke sayen ƙusa da katako da bututu, alhali makaniki da milimita yake kiran sifanarsa. Haka kuma Larabci ya ba mu rubu'i da sulusi da sumuni, waɗanda suke da amfani wajen faɗin ɓangarorin inci. Malami ya koya wa ɗalibansa cewa kalmar fannu ba ta karɓar kusa-kusa. Mai fassara takardar inji da ya mayar da inci 1/2 milimita 12 don sauƙi, ya jefa ma'aikaci cikin hasara.

1.6 Kammalawa

An ga cewa kolet yana aiki ne kawai idan raminsa ya dace da wutsiyar baki, kuma zaman awo biyu a shago guda shi ne tushen wahalar. Maganinta shi ne a san dangin injin, a auna wutsiya, a duba haƙoran sanda, sannan a san iyakar matsewar kowane iri.

1.7 Jinga

1. Bayyana yadda kolet yake riƙe baki, cikin jimloli biyar.
2. Me ya bambanta ER da R8 ta fuskar matsewa?
3. Mayar da inci 5/16 zuwa milimita, sannan ka faɗi kolet ɗin ER da zai riƙe shi.
4. Ziyarci wani shagon sassaƙar ƙarfe, ka tattaro kalmomi 10 da ma'aikata suke amfani da su, ka rarrabe na aro da ƙirƙirarru.