"Baffa, ni ma zan yi?": tambayar 'ya'yan uwa mai taɓin hankali

Ran wata Juma'a bayan mun sauko daga Babban Masallacin Zongo, na koma shagona a Jonquet, wato Jonke a bakinmu, sai na tarar da 'yar ƙanena zaune kan dilar atamfa tana jirana. Shekarunta 21, kuma ba ta saba biyo ni kasuwa ba. Na ce lafiya? Ta ce, "Baffa, sun fasa."

An riga an kai gaisuwa, ana maganar sa rana. Sai wani ya je ya raɗa wa dangin yaron cewa uwarta ta taɓa kwanciya a asibitin masu taɓin hankali. Kawun yaron ya aiko da magana ɗaya tak: barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta dube ni ta ce, "Ka gaya mini gaskiya, ni ma zan yi?"

Ciwon uwarta ya fara ne cikin jegon haihuwarta ta uku. Barci ya ƙaurace mata, tana jin muryoyin da babu mai ji, tana cewa maƙwabta sun zuba mata guba a tulu. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu. Shekara biyu muna yawo da ita, har aka taɓa sa mata mari a gidan wani mai magani, abin da har gobe nake jin kunyarsa. Daga baya muka kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na Jacquot a nan Kwatano. Likita ya ce sunan cutar sikizofireniya, aka ɗora ta kan magani. Yau tana girkinta, tana sana'arta. Sau biyu ciwon ya taso, duka biyun lokacin da ta ajiye maganin ne.

Ban iya ba yarinyar amsa ranar ba. Na ce ta ba ni mako guda. Na yi karatu iyakar iyawata, sannan muka je tare wurin likitan uwarta. Ga abin da na tattaro.

Gado yana da hannu, wannan babu musu. A cikin jama'a, kusan mutum 1 cikin 100 ne ke kamuwa da wannan cuta a tsawon rayuwarsa. In uwa ko uba na da ita, lissafin yakan hau zuwa wajen 10 cikin 100. A 1966 wani likita a Amurka, Leonard Heston, ya bi sawun yara 47 da iyayensu mata ke da cutar, waɗanda aka raba su da iyayen tun suna jarirai. Biyar daga cikinsu sun kamu. Cikin yara 50 da ya kwatanta su da su, babu ko ɗaya.

To amma mu 'yan kasuwa ne, mun san lissafi ta fuska biyu ake duba shi. Goma cikin ɗari na nufin 90 ba za su kamu ba. Wanda ya ce hauka gado ne kamar gona, dole ya faɗo wa ɗa, ya yi ƙari. Abin da ake gada shi ne saukin kamuwa, kamar yadda ake gadon hawan jini ko ciwon sukari. Gaskiya ne kuma irin waɗannan yara sun fi saura fama da baƙin ciki mai tsanani da yawan fargaba, kuma haɗarin yana ƙaruwa sosai in uwa da uba duka suna da cutar.

Abin da ya fi kama hankalina shi ne binciken Pekka Tienari a ƙasar Finland. Shi ma ya bi 'ya'yan irin waɗannan mata da aka bayar riƙo. Waɗanda suka tashi a gidan da ke da natsuwa da jituwa, kaɗan ne suka kamu, in aka kwatanta da waɗanda suka tashi cikin rigima da tsangwama. Ke nan gida ma yana da nasa hannun.

A nan ne mu fatake muke da laifi. Maigida yana Lome yau, gobe yana Malanville, jibi Kano. Uwa ba lafiya, yarinya 'yar shekara tara ita ce mai girki, mai goyo, mai gadin ƙofa. A waje kuma yara na kiranta 'yar mahaukaciya. Haka 'yar ƙanena ta tashi, mu kuwa muna ganin tunda an aiko da kuɗin cefane an gama.

Ga abin da nake roƙon 'yan uwa. A kai uwa asibiti da wuri. Addu'a da ruƙiyya ba su hana magani, amma mari da bulala ba su warkar da kowa. Ban da Jacquot, akwai cibiyoyin Saint Camille na Grégoire Ahongbonon, mutumin nan ɗan Benin da ya taɓa yin sana'ar faci, wanda ya shafe shekaru yana kwance wa marasa lafiya sarƙa. Ɗaya tana Avrankou kusa da Porto-Novo. In an koma gida, ga Dawanau a Kano, ga Barnawa a Kaduna, ga Kware a Sakkwato.

A samu babba guda, goggo ko kaka, da za ta tsaya kan yaran in ciwo ya tashi, a kuma gaya musu gaskiya daidai hankalinsu. A nisanta samarin gidan da wiwi, don tana ƙara haɗarin, musamman ga mai jininta a jika. Cutar takan fito ne daga ƙarshen ƙuruciya zuwa shekara 30 da 'yan kai. In matashi ya fara ƙin mutane, barci ya lalace, yana zargin kowa, a tafi asibiti, kada a jira ya fita titi. Mace kuwa in ta samu ciki ta sanar da ungozomar asibiti tarihin uwarta, a sa mata ido a makonnin farko na jego.

Auren bai dawo ba. Amma na gane mu ma mun yi kuskure da muka ɓoye, alhali ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mun yi shawara da ƙanena: duk wanda ya sake zuwa, mu za mu fara gaya masa, in ya so mu raka shi wurin likita ya ji da kunnensa.

Muna fitowa daga asibiti ranar, kafin mu tare zemijan, na ce mata, "'Yata, amsarki ke nan: Allah ne masani, amma tara cikin goma suna wajenki." Ta yi shiru, can ta ce, "To Baffa, mu biya mu karɓar wa Inna maganinta, ya kusa ƙarewa."