Gidauniyar Da Ta Tsamo Tsoffin Makaɗan Buluz Daga Ƙangin Talauci

A yankin Piedmont na kudu maso gabashin Amurka, watau ƙasar gonakin taba da masaƙu wadda ta miƙe daga Jihar Birjiniya har Jojiya, baƙar fata suna da salon kiɗan buluz nasu na kansu. Makaɗi yakan riƙe amon ƙasa da babban yatsa a kan jita, sauran yatsu kuwa su riƙa fitar da karin waƙar, har mai sauraro ya zaci mutum biyu ne ke kiɗan.

Salon ya yi suna, amma masu shi ba su ci moriyarsa ba. Blind Boy Fuller na birnin Durham ya yi waƙoƙi fiye da 120 a faifan garmaho daga 1935 zuwa 1940, ya rasu a 1941 bai tara abin kirki ba. Al'adar kamfanonin faifai a wancan zamani ita ce su sallami makaɗi da 'yan kuɗi kaɗan sau ɗaya, ribar da ta biyo baya ta zama tasu. Ga shi kuma sana'ar ba fansho, ba garatuti.

Haka ta sami Robert Lewis Jones, wanda aka fi sani da Guitar Gabriel. A 1970 ya yi faifan da ya sami kasuwa, bai ga amfaninsa ba, sai ya yi fushi ya koma garinsu Winston-Salem a Jihar Karolina ta Arewa, yana kiɗa a ƙananan mashaya na unguwa. Can Mista Timothy Duffy, wanda ya karanci al'adun gargajiya a jami'ar jihar da ke Chapel Hill, ya bi sawu ya same shi. Ta hannunsa ya san wasu tsoffin makaɗa, ya tarar gwanaye ne ƙwarai, amma wasunsu sai sun zaɓa tsakanin abinci da magani.

A 1994 Mista Duffy da mai ɗakinsa Denise suka kafa gidauniyar Music Maker. Aikinta na farko shi ne biyan bukatun yau da kullum: kuɗin magani, kuɗin haya, abin ɗumama ɗaki a lokacin hunturu. Amma ba a nan hikimarta take ba, domin sadaka kaɗai ba ta mayar wa gwani martabarsa. Gidauniyar takan saya wa makaɗi jita, ta ɗauki waƙoƙinsa a faifai, ta nemo masa wuraren wasa a gida da ƙasashen waje, yadda zai ci guminsa. Mashahurai irin su B.B. King da Taj Mahal sun mara mata baya. Gabriel kansa ya yi wasa a zauren Carnegie na birnin New York kafin rasuwarsa a 1996.

Ita kuwa Etta Baker ta garin Morganton, an fara ɗaukar kiɗanta tun 1956, amma ta shafe shekaru tana aikin masaƙa tana renon 'ya'ya tara, ba ta sami faifai mai sunanta kaɗai ba sai 1991. Gidauniyar ta fitar da wanda ta yi tare da Taj Mahal a 2004, shekara biyu kafin ta rasu tana da shekara 93.