Mita 18 na farko, inda ake cin tseren mota

A tseren mota na miƙaƙƙen layi, irin wanda ƙungiyar NHRA ke tsarawa a Amurka tun bayan kafuwarta a 1951, tazarar da aka saba mita 402 ce. Sai dai gwanaye sun fi zuba ido kan ƙafa 60 na farko, kimanin mita 18. Wanda tayarsa ta zame a nan, ƙarfin inji ba zai cece shi ba.

Da direba ya taka totur, nauyin mota yakan koma baya. A motar da tayoyin baya ke turawa, akan sassauta shokazoban gaba domin kanta ya ɗaga, nauyi ya danne tayoyin baya. Motar da tayoyin gaba ke ja kuwa, sifirin ɗin baya ake ƙarfafawa domin gaba ya zauna daram.

Akan rage iskar taya kaɗan, a ɗumama ta kafin tashi. In taya ta fara tsalle, a ɗaga ƙafa nan take, domin tsallen kan karya ƙarfen da ke juya ta. Abu ɗaya ake sauyawa a kowane gwaji, a rubuta lokacin da aka samu. Gwajin kuma a filin tsere ake yinsa, don titin jama'a na masu wucewa ne.