Ko Kun Sani?

Sau da yawa, idan fitilun bayan babbar mota suka rikice, ƙwan fitilar lafiyarsa lau. A yawancin motoci, waya ɗaya ce ke kai wa fitila wuta, sannan wutar ta koma batir ta ƙarfen jikin motar. Idan tsatsa, ƙura ko ruwan damina suka ci mahaɗar da ke ɗaure da ƙarfen, sai wutar ta rasa hanyar komawa, ta bi ta wata fitilar. Shi ya sa direba zai taka birki, a ga fitilar kwana ta kama dishi-dishi. Gogaggen mai gyaran wayar mota yakan fara da kwance noti, ya goge wurin har ya yi ƙyalli, ya sake ɗaurewa tam.

Manyan motocin Turai kamar MAN da DAF suna aiki da wutar volt 24, wato batir biyu masu volt 12 a jere. Ƙwan ƙaramar mota da aka saka musu nan take yake ƙonewa. Kuma fiyus da ya ƙone, kada a ɗaura masa waya: nan gobara take farawa.