Mulkin Rudy Giuliani a New York: Rarrabe Gaskiya da Jita-jita

Rudy Giuliani ya riƙe muƙamin magajin garin New York, wato zaɓaɓɓen shugaban gwamnatin birnin, daga farkon shekarar 1994 zuwa ƙarshen 2001, kuma har yau maganganu uku ne ke yawo a kan zamaninsa: cewa shi kaɗai ya karya lagon masu laifi, shi ya cika baitulmalin birnin, shi ne kuma ya tsabtace dandalin Times Square. Masu adawa da shi suna cewa shukar wasu kawai ya girbe. Kowane ɓangare yana riƙe da wani yanki na gaskiya, shi ya sa ya wajaba a rarrabe abin da ya gada, da abin da zamani ya kawo masa, da abin da ya aikata da hannunsa.

Batun tsaro

Gaskiya ne laifuka sun ragu ƙwarai a lokacinsa, domin kisan kai, wanda ya kai 2,245 a shekarar 1990, ya sauko zuwa 633 a 1998. Abin da ba gaskiya ba shi ne cewa da shi raguwar ta fara, tun da adadin ya riga ya faɗo ƙasa da 2,000 a 1993, shekarar ƙarshe ta magabacinsa David Dinkins, wanda a 1991 ya samu amincewa da wani shiri na ƙarin haraji domin ɗaukar dubban sababbin 'yan sanda, waɗanda da yawansu sai a zamanin Giuliani suka fito kan titi. Bugu da ƙari, laifuka sun ragu a yawancin manyan biranen Amurka a waɗannan shekaru, har da birane irin su San Diego da suka bi wata hanya dabam, a daidai lokacin da cinikin hodar iblis mai araha ya ja baya kuma ayyukan yi suka ƙaru.

Duk da haka, raguwar New York ta zarce ta yawancin biranen, kuma a nan ne rabonsa yake. Shi ya naɗa William Bratton kwamishinan 'yan sanda, wanda a 1994 ya shigo da CompStat, wani tsari na tattara alƙaluman laifuka a kwamfuta unguwa-unguwa, sannan a titsiye kowane shugaban caji ofis ya yi bayanin abin da ke faruwa a yankinsa. Haka nan gwamnatinsa ta rungumi ra'ayin da ake kira na fasassun tagogi, wanda James Q. Wilson da George Kelling suka gabatar a 1982, mai cewa ƙyale ƙananan laifuka shi ke buɗe ƙofa ga manya. Masana suna jayayya har yanzu a kan yawan tasirin wannan ra'ayi, amma babu jayayya cewa matsin ya fi faɗawa kan baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka, kuma kisan Amadou Diallo, ɗan ƙasar Gini da ba ya ɗauke da makami, wanda 'yan sanda huɗu suka yi wa harbi 41 a watan Fabrairun 1999, yana cikin tarihin wannan mulki kamar yadda alƙaluman nasara suke ciki.

Batun kuɗi

Iƙirarin cewa ya tarar da giɓin fiye da dala biliyan 2 a kasafin kuɗi kuma daga baya birnin ya samu rara yana da tushe, sai dai babban dalilin rarar shi ne bunƙasar kasuwar hannayen jari ta Wall Street a ƙarshen shekarun 1990, wadda ta kwararo da haraji cikin baitulmali. Ya kamata kuma a sani cewa daidaita kasafi ba zaɓin magajin gari ba ne, domin doka ce ta tilasta wa birnin haka tun bayan da ya kusa durƙushewa a 1975. Ya rage wasu haraji, kamar na kwana a otal, kuma yawan masu karɓar tallafin marasa galihu ya ragu daga sama da mutum miliyan 1 zuwa ƙasa da rabin haka, ko da yake dokar tarayya ta 1996 a kan tallafin ta taimaka wajen wannan. Amma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare: da kasuwa ta faɗi, ga kuma harin 11 ga Satumba na 2001, sai magajinsa Michael Bloomberg ya tarar da giɓin da ya kusa dala biliyan 5, har ya ƙara harajin gidaje da kashi 18.5 cikin ɗari a ƙarshen 2002. Saboda haka maganar cewa ya bar baitulmali a cike ba ta tabbata ba, kamar yadda ɗora masa laifin giɓin gaba ɗaya zai zama rashin adalci.

Batun sabunta gari

A nan ne jita-jita ta fi nisa da gaskiya. Shirin gyaran titi na 42, wanda shi ne zuciyar Times Square, an amince da shi tun 1984 a zamanin magajin gari Ed Koch tare da gwamnatin jihar New York, wadda a 1990 ta karɓe gine-gine da dama ta hanyar ikon da doka ta ba hukuma na karɓar kadara domin amfanin jama'a bayan biyan diyya. Yarjejeniyar farko da kamfanin Disney a kan gidan wasan kwaikwayo na New Amsterdam, wanda aka sake buɗewa a 1997, a kwanakin ƙarshe na mulkin Dinkins aka ƙulla ta. Abin da ya tabbata na Giuliani shi ne dokar 1995 da ta nesanta shagunan batsa daga makarantu, wuraren ibada da unguwannin zama, da kuma yaƙin da ya yi da gungun miyagu na Mafiya a kasuwar kifi ta Fulton da harkar kwashe sharar 'yan kasuwa.

Hukuncin da hujjoji suka bayar shi ne Giuliani ya ƙara wa wasu ayyuka sauri da ƙarfi, amma ba shi ya aza harsashin yawancinsu ba, kuma wasu mazauna birnin sun biya kuɗin nasarar da mutuncinsu, wani ma da ransa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma mai son yi wa kowane shugaban birni adalci sai ya fara da tambayar halin da ya tarar da garin, kafin ya auna halin da ya bar shi.